Gyalen zare mai raga: hanyoyi huɗu, da wadda ta dace da kekenki

Ƙanwata da ke Tawa ta sayi keken sirfilaj na gida bara bayan Sallar Layya, irin wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira keken wibin, kuma tun da ya shigo gidan ba ta ba shi wani aiki ba sai tsare bakin atamfa da shadda don kada su zare. Kwanan baya ta ga wani gyale a kafaɗar wata mata a wurin biki, wanda babu yadi a jikinsa ko kaɗan, zare ne zalla aka sarƙe har ya zama raga mai kama da leshi, sai ta kira ni tana tambaya, "Yaya, wannan da irin kekena ake yin sa, ko sai na koma koyon kwarashi?" Na ce mata ana yi da kekenta, ana kuma yi ba da shi ba, kuma hanyoyin da na sani guda huɗu ne, kowace da inda take cin kuɗi da inda take ba da wahala. Na gwada dukkansu a shagona nan Yamai, saboda haka wannan bayani na mai irin tambayarta ne, wadda take da keke a gabanta da ɗan jari a hannu, tana tsoron kada ta zuba shi inda ba zai dawo ba.

Abin da za a auna su da shi

Kafin a yi maganar keke ko zare, ya kamata mai ɗinki ta tambayi kanta aikin da gyalen zai yi, domin a nan ne da yawa suke kuskure. Gyalen zare mai raga ba ya suturta jiki, ana hango wuya da kafaɗa ta cikinsa, saboda haka ado ne da ake ɗorawa a kan riga mai rufa ko a kan mayafi, ba ya tsayawa a madadin mayafin. Wadda take neman abin da za ta lulluɓa ta fita unguwa, hanya ɗaya ce kawai cikin huɗun nan za ta biya mata buƙata, kuma zan nuna ta idan mun zo wurin.

Bayan wannan sai samuwar kayan aiki, wadda a ganina ta fi farashi muhimmanci a ƙasarmu. Zaren poliyesta na yau da kullum da zaren siliki na masu surfani ana samun su a Babbar Kasuwa da Wadata ba tare da wahala ba, kuma a Tawa ma masu sayar da kayan ɗinki ba sa rasa su, amma akwai kayan da sai an yi saƙo daga Kano, ko Lome, ko Faransa. Duk abin da aka ga farashinsa da yuro a intanet, a tuna cewa yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato abin yuro goma ya haura jika shida da rabi tun kafin a sa kuɗin ɗauko shi, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da suka saba zuwa ta Kwatano suna ɗaukar lokaci fiye da da.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin da gyale ɗaya yake ci, da ƙarkonsa a wanki da sawa, da sauƙin koyo tare da lokacin da aikin yake ɗauka, sai kuma haɗarin da ke cikinsa, wato ta inda aikin yake iya lalacewa gaba ɗaya bayan an riga an kashe kuɗi. Na ƙara yanayi a kan waɗannan, domin abin da aka rubuta don ƙasashen sanyi bai san zafin Afrilu da ɗaukewar wutarsa ba, bai san laimar Agusta ba, bai kuma san bushewar hunturu ba. Don lissafi ya daidaita, duk inda na ambaci gyale ina nufin mai tsawon santimita 160 da faɗin santimita 25.

Dalilin da ya sa keken sirfilaj yake iya wannan aiki

Keken ɗinki na yau da kullum yana haɗa zaren allura da na kwarkwaro ne a cikin yadi, saboda haka idan babu yadi a ƙarƙashin ƙafarsa sai zaren ya cukurkuɗe. Keken sirfilaj ba shi da kwarkwaro. Yana da allura ɗaya ko biyu da ƙugiyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, waɗanda suke sarƙe zare a kan wani ɗan harshen ƙarfe da ke gefen allurar, don haka ko babu yadi yana ci gaba da saƙa, sarƙar zare tana zubowa ta bayansa kamar yadda taliya take fitowa daga injin murza. Wannan sarƙar da teloli suke yankewa su zubar kullum, ita ce asalin gyalen da muke magana. Ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin Merrow da aka kafa a jihar Connecticut a Amurka, wanda ya fara ƙera irin wannan keke a ƙarshen ƙarni na 19, ya faro shi ne daga injin da ke kwaikwayon saƙar kwarashi don gyara bakin safa.

Sai dai keken gida da na shago ba ɗaya ba ne a wannan aiki. Na gida, irin su Brother 1034D da takwarorinsa na Singer da Janome, yana yin ɗinki kusan 1,300 a minti, ana kawar da wuƙarsa mai datse bakin yadi da hannu, kuma ana iya faɗaɗa ɗinkinsa. Na shago, irin su Juki da Siruba da Jack, gudunsa ya haura ɗinki 5,000 a minti, faɗin ɗinkinsa kusan a tsaye yake, wuƙarsa kuma sai an kwance ta da sukudireba. A tsare bakin yadi na shago ne sarki, amma a saƙar raga na gida ya fi shi biyayya.

Hanya ta ɗaya: sahu kan sahu

A nan keken sirfilaj shi kaɗai ne yake yin aikin daga farko har ƙarshe. Ana kawar da wuƙa, a bar allura ɗaya, ta hagu, don ɗinkin ya yi faɗi, a kai tsawon ɗinki ƙarshensa, wanda a yawancin kekunan gida milimita 4 ne, sannan a sa zare mai kauri a ƙugiyoyin biyu tare da sassauta musu ɗauri, a bar zare na yau da kullum a allura. Sahun farko ana ɗora shi a gefen siririn ribon ko tsirin yadi mai tsawon gyalen. Idan an gama, za a ga zaren ya yi lanƙwasa a bakin ɗinkin, waɗanda zan riƙa kira idanu, sai a mayar da aikin ƙarƙashin ƙafar keke a yi sahu na biyu ta yadda allura za ta riƙa faɗawa cikin idanun sahun farko kawai, sauran ɗinkin yana rataye a iska. Haka ake bi, sahu bayan sahu, ta gefe biyu na ribon ɗin, har faɗin ya cika.

Kuɗin wannan hanya duk a zare yake, kuma gara a yi lissafinsa tun kafin a je kasuwa. Ɗinkin sirfilaj mai zare uku yana cin kusan mita 14 na zare a kowace mita ɗaya ta ɗinki, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan ƙugiyoyi ne suke cinye shi. Idan kowane sahu yana ƙara milimita 5, gyalenmu yana buƙatar sahu 50, wato mita 80 na ɗinki, wato zare mita 1,120 a ƙalla, tunda ɗinki mai faɗi da sako-sako ya fi haka ci. Kusan mita 900 daga ciki na ƙugiyoyi ne. Wadda ta zaɓi zaren audugar kamfanin DMC mai sheƙi lamba 8, wanda ƙaramin dunƙulensa mita 80 ne, za ta buƙaci fiye da dunƙule goma sha ɗaya a gyale ɗaya, kuma da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu idan na sayarwa ne. Abin da nake yi shi ne in haɗa zaren poliyesta biyu ko uku daga manyan naɗi in zura su tare a kowace ƙugiya, sai su ba da kauri, kuma idan launukansu sun ɗan bambanta ragar takan fito da kyan da zare ɗaya ba ya bayarwa. Babban naɗi mai yadi 5,000 ya haura mita 4,500, saboda haka sayayya ɗaya tana fitar da gyale masu yawa.

Ta fuskar ƙarko, wannan hanya tana da ƙarfi matuƙar allura ta kama idanun da kyau, domin kowane sahu a ɗaure yake da na bayansa, kuma poliyesta ba ya jin wanki. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Wahalar tana wajen riƙe layi, domin idan hannu ya kauce da milimita biyu, allura za ta tsallake idanu biyar ko goma, a sami rami a tsakiyar gyale wanda sai an bi shi da allurar hannu. Akwai kuma lanƙwashewa: idan ana jan aikin yayin da yake shiga, ko ana fara kowane sahu daga kai ɗaya, gyalen yakan karkata kamar lauje ko bakinsa ya yi tattara. Maganinsa shi ne a bar haƙoran keke su ja da kansu, a riƙa juya aikin ana farawa daga wancan kai, kuma a auna tsawon bayan kowane sahu biyar. A lissafi, ɗinki 20,000 ne, wanda keken gida zai gama cikin minti 15 da a guje ake yi, amma ba a guje ake yi ba. A hannuna gyale ɗaya yana cin rabin yini, na farkon da na yi kuwa ya ci kwana biyu, kuma duk lokacin nan sai da wuta.

Hanya ta biyu: sarƙa a tsakanin leda mai narkewa

Wannan ita ce hanyar da aka fi nunawa a bidiyoyin waje, kuma ita ce take ba da gyalen da ya fi ɗaukar ido. Da farko ana sakin keken sirfilaj ya yi ta zubo sarƙa ba tare da yadi ba, ana naɗe ta a kan kwali don kada ta cukurkuɗe, kuma sarƙa 30 masu tsawon santimita 190 sun isa, wato mita 57, idan ana son a bar geza ta santimita 15 a kowane kai. Sai a shimfiɗa wata leda ta musamman a kan tebur, a jera sarƙoƙin a kanta a tsaye ko a karkace, a cusa ragowar zaren siliki, da siririn ribon, da zaren ulu idan ana so, a rufe da wata ledar, a kafe da fil. Daga nan aikin ya koma kan keken ɗinki na yau da kullum, inda ake ɗinka layuka a tsaye da a kwance kamar gidan dara, tazarar santimita biyu ko ƙasa da haka, kusan mita 40 na ɗinki gaba ɗaya. A ƙarshe a jiƙa shi a ruwa, ledar ta narke, ragar ta rage.

Ledar ba irin ta kasuwa ba ce. Ana yin ta da wani sinadari da ake kira PVA wanda ruwa yake narkarwa, ana sayar da ita da sunaye kamar Solvy na kamfanin Sulky, da Avalon na Madeira, da Soluvlies na Vlieseline, kuma iri biyu ce: mai santsi da ake gani ta cikinta, da mai kama da siririn yadi, wadda ta fi daɗin ɗinki domin ba ta zamewa. A Yamai masu surfanin kwamfuta ne suka fi saninta, saboda haka wajensu ya kamata a fara tambaya kafin a yi saƙo waje. Gyale ɗaya yana cinye santimita 160 a tsawo da 50 a faɗi, kuma abin da ya narke ya tafi ke nan, wato kowane gyale sai an sake saye. Wannan ne ya sa ta fi sauran tsada, ko da yake tana rage asara ta wani gefen, tunda guntayen zaren da suka taru a shago duk suna samun wurin shiga.

Koyonta ya fi na hanyar farko sauƙi, domin duk wadda ta iya ɗinka miƙaƙƙen layi za ta iya, kuma rabin aikin ana yin sa da keken ƙafa irin Butterfly, saboda haka ana iya tara sarƙa lokacin da akwai wuta a ƙarasa sauran ko an ɗauke. Haɗarinta ne yake da girma, kuma ba ya bayyana sai a ƙarshe. Gyalena na biyu na yi shi ne da tazarar santimita huɗu don in rage aiki, kuma a wasu wurare layukan ba su kai baki ba. A kan tebur ya yi kyau ƙwarai. Da na tsoma shi a roba, ledar ta fara yin laushi kamar kunun kanwa tana bin yatsuna, na ga sarƙoƙin gefe suna rabuwa ɗaya bayan ɗaya suna yawo a ruwan, domin babu abin da ya riƙe su sai ledar da ta tafi. Na tsamo shi ya zama dunƙulen zare, kuma babu gyaran da za a yi masa. Tun daga ranar nake ɗaga aikin a hasken taga kafin in jiƙa, ina bin kowane layi da ido, in tabbatar ya ƙetare ɗan'uwansa ya kuma kai ƙarshe.

Yanayinmu ma ba ya tausaya wa wannan leda. Da damina, musamman a Agusta, tana shan laima ta yi danƙo tana manne wa ƙafar keke, kuma gumin tafin hannu kaɗai yana iya huda ta a tsakiyar aiki. Da hunturu kuma mai santsin takan bushe ta yi ƙarau tana tsagewa a layin allura. Dole ne a ajiye ta a cikin leda mai rufewa, kada a kusanto da ita ga tururin guga. Tana kuma son ruwa, domin sai an sauya shi sau uku ko huɗu kafin danƙon ya fita duka, in ba haka ba gyalen ya bushe da tauri kamar an sa masa sitati, abin da mai sayen ruwan garuwa ya kamata ta sa a lissafi. A sawa kuwa, ita ce mafi rauni cikin huɗun: ɗan kunne, da agogo, da zip ɗin jaka duk suna kama ta, kuma idan an cika ta da zaren siliki, wanda akasarinsa reyon ne, a sani cewa reyon yana rage ƙarfi idan ya jiƙe, don haka ba a murza shi ba a matse shi.

Hanya ta uku: yadi a tsakiya, raga a baki

Wasu za su ce wannan ba gyalen zare ba ne, kuma suna da gaskiya, amma na sa shi a nan domin sau da yawa shi ne abin da mai tambaya take buƙata ba tare da ta sani ba. Ana sayen shifon, ko boyal, ko leshi mai laushi, a yanka gwargwadon gyalen, a juya keken zuwa ɗinkin naɗe baki, wato a janye harshen ƙarfen nan, a rage tsawon ɗinki, a ƙara ɗaurin ƙugiyar ƙasa har bakin yadin ya naɗe kamar siririyar igiya. Kewayen gyalenmu mita 3.7 ne kacal, na babban mayafi mai mita biyu da mita ɗaya kuma mita 6, aikin da bai kai rabin awa ba. A kawuna biyu, maimakon naɗewa, sai a yi sahu shida ko takwas irin na hanyar farko, a sami bakin raga mai faɗin yatsu biyu wanda yake cin zare kaɗan ƙwarai.

Kuɗinsa yana bin yadin da aka zaɓa, ƙarkonsa ma haka, kuma komai nasa ana samu a kasuwar gari. Shi kaɗai ne yake suturtawa, in dai yadin ba shara-shara ba ne. Haɗarinsa biyu ne, kuma duka ƙanana: wuƙa tana aiki a nan, saboda haka idan shifon ya naɗo ƙarƙashinta za ta ci shi, sannan yadi mai sako-sakon saƙa yakan saki ɗinkin bakin bayan ƴan wanke-wanke idan naɗin ya cika siranta. Gwaji a kan ƙyalle kafin a taɓa yadin yana maganin duka biyun.

Hanya ta huɗu: kwarashi

Iyayenmu mata sun daɗe suna saƙa hular jarirai da marufin kwano da kwarashi, kuma hannun da ya iya waɗannan zai iya gyale. Jarinsa shi ne mafi ƙanƙanta, kwarashin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 da zaren auduga, ba ya neman wuta, ba ya neman makaniki, ana yin sa a tsakar gida ko a cikin motar Yamai zuwa Tawa. Ragar da yake bayarwa ita ce mafi tsari da ƙarko, domin an ƙirga kowane ido, kuma idan an yi kuskure ana warwarewa a sake ba tare da asarar zare ba, abin da babu shi a hanya ta biyu. Auduga kuma tana shan gumi, ta fi poliyesta daɗi a wuya lokacin zafi.

Abin da yake ci shi ne lokaci. Gyale mai girman namu da siririn zare aikin mako ɗaya ne zuwa biyu ga mai sauran hidimar gida, kuma kafin hannu ya faɗa har idanun su daidaita ana ɗaukar watanni. Wadda take sayarwa, idan ta sa kuɗin kwanakinta a farashi masu saye kaɗan ne za su iya, idan kuma ba ta sa ba ta yi wa kanta rashin adalci.

| Ma'auni | Sahu kan sahu | Sarƙa da leda | Yadi da bakin raga | Kwarashi |
|---|---|---|---|---|
| Kayan aiki | Keken sirfilaj | Sirfilaj, keken ɗinki, leda | Keken sirfilaj, yadi | Kwarashi |
| Samuwa a gari | Akwai | Leda sai an nema | Akwai | Akwai |
| Kuɗin gyale ɗaya | Kaɗan da poliyesta | Mafi yawa | Gwargwadon yadi | Kaɗan |
| Lokaci | Rabin yini | Yini ɗaya da shanya | Awa ɗaya | Mako ɗaya zuwa biyu |
| Koyo | Sai an saba | Mai sauƙi | Mafi sauƙi | Watanni |
| Ƙarko | Mai kyau | Mai rauni | Mai kyau | Mafi kyau |
| Babban haɗari | Rami da lanƙwasa | Wargajewa a ruwa | Yankan wuƙa | Cin lokaci |
| Buƙatar wuta | Duka aikin | Rabin aikin | Kaɗan | Babu |
| Sutura | A'a | A'a | I | A'a |

Wace ce ta wa

Mai keken sirfilaj na gida da take son gyalen zare na gaske, kamar ƙanwata, hanyar sahu kan sahu na zaɓa mata, domin ba ta jingina aikinta ga kayan da sai an yi saƙo, kuma kuskurenta yana bayyana nan take a gaban ido, inda za a iya gyara shi. Na ce mata ta fara da guntu mai tsawon kamu ɗaya, ta wanke shi ta shanya, ta rubuta lambobin ɗaurin zaren da suka yi mata daidai a takarda ta manna a jikin keken, tare da lambobin da take tsare bakin atamfa da su, don kada komawa aikin yau da kullum ya zame mata wahala. Idan keken daga Amurka aka kawo shi, a duba ko na bolt 120 ne, domin wutarmu 220 ce kuma sai da taransifoma.

Mai shago da keken masana'anta, wanda layin kayan Sallah yake jiran sa, ban ba shi shawarar kwance wuƙa da ɓata saitin keke saboda gyale ɗaya ba. Hanya ta uku ce tasa, ko kuma ya yi amfani da gudun kekensa wajen zubo sarƙa kawai, wadda ba ta buƙatar a taɓa wuƙa, idan wani ya ba da odar hanya ta biyu. Wadda take neman abin sayarwa da yawa ga matan unguwa da ƴan makaranta, ita ma hanya ta uku ce, domin masu sayenta suna son abin da za su yafa su fita, kuma bakin ragar shi ne zai bambanta kayanta da na kasuwa.

Sarƙa da leda na bar ta ga aikin da aka riga aka yi cinikinsa: gyalen amarya da ƙawayenta wanda za a haɗa da launin anko, ko ƴan guda biyar da za a kai baje kolin SAFEM na sana'ar hannun mata ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, inda mai saye yake biyan kyan gani kuma ya san abu ne na lallaɓawa. A yi ta a watannin da iska ba ta da laima, a karɓi rabin kuɗi kafin a sayi ledar, a kuma gaya wa mai shi tun farko cewa wanki da hannu ne a ruwan sanyi, shanya a kwance a inuwa, kuma dutsen guga na gawayi ba ya hawa kansa.

Wadda ba ta da keken sirfilaj kuma gyale ɗaya ko biyu take so don kanta ko don kyauta, kada ta ci bashin keke saboda wannan. Idan tana da keken ƙafa kuma ta sami ledar, tana iya jera zaren ulu da ribon kai tsaye ba tare da sarƙa ba, ko ta roƙi telan unguwarsu ya zubo mata mita sittin ta biya shi kuɗin zare. Idan kuwa tana zaune inda wuta ba ta zama, kuma tana da wata gwaggo ko maƙwabciya da ta iya kwarashi, ta sayi dunƙule biyu na zaren auduga ta je ta zauna kusa da ita bayan la'asar.